Zane marar sura, zuriya marar takarda: lamarin wani dattijo a birnin Zariya

A ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin cikin ganuwar Zariya akwai wani dattijo da ya ba saba'in baya, wanda ya kusa rabin ƙarni yana zanen da babu mutum a ciki, babu dabba, babu ko itaciya. Launi ne kawai, da layi, da fili. Mu da ya koyar a makaranta Malam muke ce masa, haka kuma zan kira shi a nan, domin maganar ta taɓa 'yan gidansu da ke raye, kuma bisa sharaɗin a sakaya suna ya yarda a rubuta ta. Da ya ajiye aikin koyarwa sai ya ɗauko wani aikin da ba wanda ya sa shi, wato bin salsalar gidansu. 'Yan'uwansa sun ɗauka rigimar tsufa ce. Abin da na gani daban ne. Binciken nan ne ya nuna masa abin da ke shirin faruwa da aikin hannunsa, shi ne kuma ya ba shi dabarar da ake bi yanzu don a ceci abin da ya saura.

Daga allo zuwa Samaru

An haife shi a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959. Mahaifinsa marini ne, kakansa ma haka. Ya buɗe ido ya tarar sana'ar tana ja da baya. Shunin kanti ya shigo, yadin masaƙa ya cika kasuwa, balle bayan an buɗe masaƙar Kaduna a 1957, karofi kuma ana ta cike su da shara ɗaya bayan ɗaya. Uban bai so ɗansa ya tsoma hannu a baba ba. Ya kai shi makarantar allo, daga baya boko ta ɗauke shi.

A makarantar allon aka fara gane hannunsa. Akwai wani gardi mai yi wa masu sauka zayyana, Malam ne ke dama masa launi, yana tsugune yana kallo, har gardin ya fara bar masa jan layi. Duk wanda ya taɓa ganin allon sauka ya san tsarinsa: gida cikin gida, da'ira a tsakiya ko a kusurwa, ja da rawaya da kore, baƙar tawada ta kewaye kowane fili. Babu surar komai a ciki, amma ba wanda ya taɓa kallonsa ya tambaya mene ne wannan. Ana gani an san an yi sauka.

Zariya tana da wani suna a duniyar zane wanda yawancin mutanen birni ba su san tana da shi ba. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda daga baya aka riƙa kira 'yan tawayen Zariya. Kiransu shi ne mutum ya ɗauki dabarar da malamai Turawa ke koyarwa ya ɗora ta kan fasahar da ya gada a garinsu. Okeke ya koma wa zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma wa tatsuniyoyin Urhobo. A kan wannan kwaleji aka ɗora Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ko da Malam ya shiga sashen a Samaru, a farkon shekarun 1970, 'yan tawayen sun daɗe da watsewa, amma tambayarsu tana nan tana jiran kowane sabon ɗalibi: kai me ka gada? 'Yan cikin birni ba su da yawa a ajin, kuma shi amsarsa tana nan kusa, ko kuɗin mota mai yawa ba ta ci.

Mahaifinsa sharaɗi ɗaya ya kafa masa: "Ɗan nan, in za ka yi, ka yi. Amma kada ka shigo mini da sura gidan nan." Karatun ya ƙunshi zana mutum yana zaune a gabanka, ya kuwa yi, ya ci jarrabawa, ya bar takardun a Samaru. Wasu abokan karatunsa har yau suna cewa tsoron hukuncin masu sura ne kawai ya kora shi ga zane marar sura. Ban yarda da wannan ba. Mahaifin ya rasu da daɗewa, Malam kuma bai koma wa fuska ba ko sau ɗaya. Dalilin da yake bayarwa shi ne, da zarar mutum ya ga fuska a kyalle sai ya tambaya wane ne, daga nan kuma ya daina kallo. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a 1930, da ya dawo daga karatu a Landan ya ga mutanensa ba su damu da zanen da ya koyo ba, sai ya koma wa baƙaƙen Larabci da adon gida, kuma a 2013 aka yi masa babban baje koli a Tate Modern, gidan baje zane da ke Landan.

Aikin hannunsa

Ayyukansa na farko da fentin mai ne na tubu, wanda ake shigowa da shi daga Ingila. Ya ɗauki aska takwas da tambari da dagi na babbar riga ya warware su, ya ja aska ɗaya ta cinye rabin kyalle, ya bar sauran fili fayau. Gani Odutokun, mai zane kuma malami a sashen, wanda aka haifa a Gana a 1946 ya kuma rasu a haɗarin mota a 1995, ya yi tashe a Samaru da salonsa na kwarara fenti mai ruwa a bar shi ya bi hanyarsa kafin a juya shi. Malam akasin haka yake. Sai ya auna, ya raba fili, ya ja layi, kafin buroshi ya taɓa launi. Har yau hannun mai zayyana ne.

Zane bai taɓa ciyar da shi ba, alli ne ya ciyar da shi. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976 aka buɗe kwalejojin horon malamai ko'ina, ya yi ta yawo daga wannan gari zuwa wancan yana koyar da zane, yana nasa aikin da dare da ranakun hutu. Masu saye kuwa malaman jami'a ne 'yan ƙasashen waje, da ma'aikatan ofisoshin jakadanci a Legas, da ɗaiɗaikun ma'aikatan banki a Kaduna. Kowa ya saya ya naɗe ya tafi da abinsa.

Daga 1986, da gwamnati ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu darajar naira ta faɗi, tubun fenti ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta, baƙin Samaru kuma suka yi ta haɗa kayansu. Da yawa daga tsararsa a nan suka ajiye buroshi, wasu suka koma rubuta allon shago. Shi sai ya juya ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya riƙa ɗebo jar ƙasa da farar ƙasa yana tankaɗewa, ya jiƙa makuba, ya nemo shuni, ya bi tsofaffin karofi yana tono katsi, ya dama su da ƙaro ya shafa a kan akoko. Katsin nan, wato dattin da ke kwantawa a gindin karofi, shi ne magina ke ƙonawa su haɗa laso da shi, saboda haka tun asali marini da magini abokan ciniki ne. A wannan zamani ne da'irori masu duhun shuni suka fara bayyana a aikinsa, jere-jere, wasu a cike, wasu an bar bakinsu kawai. Bai taɓa cewa karofi yake zanawa ba, in an faɗa masa ma sai ya yi shiru.

A ganina waɗannan su ne mafi kyawun abin da ya yi a rayuwarsa, su ne kuma mafi rauni. Ƙaro ba ya jure ruwa. Da hunturu ya bushe ya tsage, da damina ya sha laima ya yi fumfuna. Launin da ya fi kowane zurfi a aikinsa shi ne wanda ke zubowa in aka ɗaga kyallen da gaggawa.

Labarin da gida ke bayarwa

Kowane yaro a gidansu ya tashi da labari ɗaya: kakan kakansu malami ne Babarbare da ya biyo jama'ar Yamusa, sarkin da ya yi mulkin Zazzau daga 1821 zuwa 1834, wanda daga gare shi gidan sarautar Barebari ya samo asali, ɗaya daga gidaje huɗu tare da Mallawa da Katsinawa da Sulluɓawa. Rini kuwa, in ji labarin, daga baya ne ya shigo, da zamani ya juya wa gidan baya. Malam bai fita don ya ƙaryata wannan ba. Sunan malamin yake nema, da garin da ya baro a Barno, don ya rubuta wa jikokinsa.

Ya fara da inda ɗan boko zai fara. Ya je ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ya je Gidan Arewa, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970 a tsohon gidan Sardauna. Ya karanta littafin M. G. Smith na 1960 kan tsarin mulkin Zazzau, inda ya ga sarautu da masu riƙe da su daki-daki. A fayilolin Lardin Zazzau ya ga rahotannin da Turawan mulki suka rubuta don yanka haraji. Sun ƙirga mutane, sun ƙirga shanu, sun ƙirga masaƙa da maƙera da karofi, domin kuɗin karofi tsohon haraji ne tun kafin zuwansu. Amma sunayen da ke ciki na hakimai ne da dagatai. Ramin rini ya shiga lissafi, mai ramin bai shiga ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a Zariya. Mun san sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), saboda sarauta ta riƙe masa sunan. Waɗanda suka yi wa ɗaruruwan zaurukan birni ado, da waɗanda suka zana wa maɗinka aska da tambari a kan riga, sai ɗan abin da irin su David Heathcote, malamin jami'ar da ya yi digirinsa na uku kan ɗinkin tufafin Hausa, suka tsinta kafin ya ɓace.

Da takarda ta ƙare masa sai ya dawo gida, wurin ƙanwar mahaifinsa, wadda a lokacin ta haura tamanin. Nan ma da fari bai sami komai ba. In ya tambaye ta asalinsu, sai ta maimaita masa labarin Barno kamar karatu. Sunaye kuma suka rikice, domin mutum uku a zuriyar suna ɗaya gare su, kowa da laƙabinsa aka san shi, ita kuma alkunya ba ta barin ta ambaci wasu sunayen ko da an matsa mata. Sai da ya daina tambayar asali, ya koma tambayar al'amuran yau da kullum, sannan ƙofa ta buɗe. Wa ke zuwa gaisuwa in an yi rasuwa? Ina ake aika goron ɗaurin aure? Wace irin tsaga ce a fuskar tsohon, wato kakan Malam? Ta ce ba shi da dogayen tsagen nan na Barebari. Ta tuna wani dattijo mai baƙin hannu da ke zuwa daga Kura duk bayan kaka, ya kwana biyu a zaure, har ya daina zuwa. Daga nan Malam ya yi tambayar da ta fi duka amfani.

"Gwaggo, su wa ke wasa da Baba Tsoho?"

Ta yi dariya har da tari. "Ai maƙwabta ba sa barin shi ya sha ruwa. Bakano kaza, Bakano kaza, tun daga karofi har masallaci."

"Fulani fa, Gwaggo?"

"Me ya haɗa shi da Fulani, ɗan nan?"

Duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi. Babarbare abokin wasan Bafulatani ne, Bazazzagi kuwa abokin wasansa Bakano. Gida na iya sauya labarin asalinsa, amma maƙwabta ba sa kuskuren wanda za su tsokana. Ina ganin wannan hujja ta fi ta takarda nauyi, domin Gwaggo ba ta san hujja take bayarwa ba.

Takardar ma ta zo daga baya. A cikin gafakar Alƙur'anin kakan, wanda ya shekara da shekaru a rataye ba mai buɗewa, aka sami wata 'yar takardar bashi da ajami. Bashin baba ne, mai bin bashin an rubuta shi da laƙabinsa an ƙara da "na Kura", wanda ake bi kuma, wato kakan Malam, an kira shi baƙon wane, aka ambaci maigidan da zaurensa ke jikin nasu har yau, gidan da kowa a unguwar ya san mutanen Barno ne. An rubuta wata, ba a rubuta shekara ba. Wani masanin tsofaffin rubuce-rubuce ya ɗaga ta a rana ya nuna masa alamar jinjirin wata uku a jikinta, irin takardar da ake kawowa daga Italiya, wadda malaman ƙasar nan suka yi ta rubutu a kai tun ƙarni na 19 har farkon na 20. Wannan bai taƙaita lokaci sosai ba. Kuɗin ne ya taƙaita shi, domin an rubuta wani ɓangaren bashin da sule, ragowar da wuri, abin da ba zai yiwu ba sai a shekarun farko na mulkin Turawa, lokacin da kuɗin biyu ke tafiya tare a kasuwa.

Da ya haɗa wannan da abin da Gwaggo ta ji tana yarinya, cewa mahaifinta ya zo ne shekarar yunwa, bayan jirgi ya iso, sai lissafi ya fita. Jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasar Kano da Katsina, mutane kuma suka yi ta gangarowa kudu neman abinci. Kura kuwa tun da can garin marina ne, turkuɗinta har Azbinawa ke saye. Saurayi marini ya baro ƙasar Kura da yunwa, wani maigida mutumin Barno ya ba shi masauki, ya yi masa aure, ya yanka masa fili a jikin gidansa. 'Ya'yan da aka haifa suka tashi suna cin tuwo ɗaya da 'ya'yan maigida, suna jin labarin Barno a bakin tsofaffin gidan, har ya zama nasu.

Akwai wurin da binciken ya tsaya, kuma da gangan ya tsaya. Matar da aka aura wa kakan, wato mahaifiyar Gwaggo, laƙabinta kawai aka sani, kuma ba a taɓa ganin wani ya zo daga danginta ba, ko a suna ko a rasuwa. Duk lokacin da Malam ya nufi wajen, Gwaggo sai ta shiga wata magana. A Zazzau ta wancan zamani irin wannan shiru yana iya nufin marainiyar yunwa, yana kuma iya nufin 'yar rinji, wato ƙauyen bayi. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma bauta kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma har yau akwai gidajen da ake fasa aure saboda irin wannan magana. Yayansa ya same shi a zaure ya ce, "Kai Malam, garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Muna da 'ya'ya mata." Malam ya ce, "Yaya, ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba, ba kuma zan goge ta ba." A littafinsa ya rubuta laƙabinta, da cewa ita ta iya kaɗi fiye da kowa a unguwar, da sunayen 'ya'yan da ta haifa. Labarin Barno ma bai jefar da shi ba. Ya rubuta shi yadda ake faɗa, da wanda ya faɗa masa, ya kuma rubuta abin da takarda da Gwaggo suka nuna. Na goyi bayansa a nan ɗari bisa ɗari. Gidan da ya karɓi baƙo mayunwaci har jikokinsa suka manta baƙi ne ya cancanci a rubuta alherinsa, kuma ba a iya rubuta wannan alheri sai an yarda cewa kakan baƙo ne.

Bayan kyalle

Abin da ya fi damun Malam a duk binciken ba Kura ba ce, ba kuma Barno ba. Takardar nan ce marar shekara. Ya yi ta jin haushin wanda ya rubuta wata ya bar shekara, har ranar da 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ta juya wani kyallensa ta nuna masa bayansa. Babu shekara, babu wata, babu suna. Yawancin ayyukansa na farko ko hannu bai sa ba, domin a inda ya taso mai zayyana ba ya rubuta sunansa a allon wani. Waɗanda ya sayar ba shi da rasit ɗinsu, ba shi da hotonsu, sunayen masu sayen ma rabi-rabi yake tunawa. Kakansa ya rina tufafin da ba su ƙirguwa, ko ƙyalle ɗaya ba a iya nunawa a ce nasa ne. Shi da ya yi jami'a yana kan hanyar barin jikokinsa a wuri guda.

'Yar ce ta buɗe rajista. Kowane zane ana ba shi lamba, a auna tsawo da faɗi da santimita, a rubuta kayan da aka yi shi da su, a ɗauki hotonsa gaba da baya da waya a hasken safe, a rubuta lambar da fensir a jikin katakon firam, a ajiye kwafi ɗaya a littafi ɗaya a kwamfuta. Wahalar tana wajen shekara, kuma a nan ne dabarar da ya koya wajen Gwaggo ta yi rana. Ba a tambayar Malam yaushe ya yi zane, domin zai ce bai tuna ba. Kaya ake fara dubawa: in fentin tubu ne a kan kyalle mai kauri, mai yiwuwa kafin 1986 ne, in ƙasa ce da ƙaro a kan akoko, bayan nan ne. Wasu an liƙe bayansu da tsohuwar jarida, New Nigerian ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, kwanan watan jaridar kuma yana nuna cewa ba a ɗaure zanen a firam kafin ranar ba. Sannan a kira uwargidansa. Ita ba ta taɓa cewa ta fahimci zanen ba, amma tana kallo za ta ce wannan lokacin ina goyon wance ne, shi ne ya ɓata mini tabarma da shuni, wancan kuwa a gidan haya ne, shekarar da aka yi mana canjin wurin aiki. Takardun haihuwar 'ya'yan da takardun canjin aikin suna nan, saboda haka maganarta tana komawa shekara cikin sauƙi. Inda aka tabbatar a rubuta shekara, inda kintace ne a rubuta "wajen" a gabanta. Malam ya hana a cire wannan kalma ko da za ta rage wa zane kuɗi.

An kuma kwashe su daga ƙasa. Gara ta riga ta cinye gindin wasu da aka jingina da bangon soro. Yanzu suna kan katako, nesa da bango, an raba tsakaninsu, ba a rufe su da leda saboda laima. Na fentin mai da ba su da firam ana naɗe su a kan bututu mai faɗi, fuskar fentin tana waje. Na ƙasa da ƙaro ba a naɗe su sam, a kwance suke.

Maganar gado

A 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu, shahararren mai zane ɗan Nijeriya, a Landan kan fam miliyan 1.2, tun daga nan kuma dillalai ke bin tsofaffin masu zane har gida. Abin da 'ya'yan Malam ba su sani ba da farko shi ne, a wannan kasuwa takarda ake saye tare da kyalle: wa ya yi, yaushe, ina aka baje shi, hannun wa da wa ya bi. Tsofaffin 'yan tawayen sun gane haka da wuri. Okeke ya kafa cibiyar Asele a garinsu Nimo ya tara takardunsa, Onobrakpeya kuma tun 1998 yake tara masu zane a garinsu Agbarha-Otor duk hunturu. Wani dillali daga Legas ya zo ya ga ɗakin Malam, ya yi tayin kwashe komai a dunƙule kan kuɗi ɗaya. Babban ɗan ya so a karɓa, kuma ba don kwaɗayi ba. Yana ganin gara da damina za su riga kowa, ga rufin gida yana yoyo, ga kuɗin magani.

Idan aka bari sai bayan rai, zanen zai shiga dukiyar gado kamar kowace kadara. A biya bashi, a fitar da wasiyya, mata su ɗauki tumuni tunda akwai 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Kafin a raba kuwa sai an yi wa kowane abu kima, kuma masu kimar da aka saba kira a unguwa, waɗanda suka san kuɗin gida da gona da keken ɗinki, za su iya kimanta firam sama da abin da ke cikinsa. Daga nan zanen zai watsu gida-gida, wanda bai damu ba ya jingina nasa a bayan ɗaki. Hanyoyin da shari'a ta buɗe masa tun yana raye uku ne. Wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran. Kyauta, wadda a mazhabar Malikiyya ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da lafiya. Sai waƙafi, wanda Malikiyya ta yarda a yi shi da abin da ake iya ɗauka, kamar littattafai, shi ma da sharaɗin ya fita daga hannun mai shi. Ban da kyallen kansa akwai haƙƙin buga hotonsa, wanda dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta ba magada har shekara 70 bayan rasuwar mai zane, kuma sayar da kyalle ba ya nufin an sayar da wannan haƙƙi sai an rubuta haka.

Ra'ayina, wanda na faɗa musu a gabansa, shi ne kada a sayar da komai a dunƙule. A ware ayyukan ƙasa da shuni mafi muhimmanci, tare da littafin zuriya da takardar bashin nan, a yi waƙafinsu wuri ɗaya inda ɗalibi zai iya zuwa ya gani, da rubutaccen sharaɗi kan adana su. Sauran a riƙa sayarwa ɗaya-ɗaya, kowanne da lambarsa da takardarsa, a gyara rufi a sayi magani. 'Yar tana tare da ni. Babban ɗan yana tambayar wace cibiya ce za ta ɗauki nauyin kyallen da ba ya son laima ba ya son ƙura, kuma tambayarsa tana kan hanya, domin waƙafin da aka kai inda gara za ta ci ba shi da bambanci da barin sa a soro.

Zuwa yanzu an gama rajistar abin da ke ɗakin aiki da soro. Ana bin waɗanda suka fita ta hannun tsofaffin ɗalibai a Facebook da WhatsApp, kuma hotunan wasu sun fara dawowa daga Kaduna da Legas, har da ɗaya daga Ingila wanda 'yar wani tsohon malamin jami'a ta gada. Babban ɗan ya yarda a dakatar da dillalin sai an zauna da malamin fiƙihu da 'ya'yan gaba ɗaya. Tafiya Kura kuma an sa ta bayan kaka, da kwafin takardar bashin, ko a dace da zuriyar mai bin bashin a cikin marinan da suka rage.